Malam Edita, waken botan nan fa waken rumfa ne, kuma ba a dafa shi da gaggawa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, ya aiki ya sanyi. Dan Allah ina roƙon a ɗan sammin fili, kuma in na yi tsayi a yi haƙuri da ni, maganar ce ta tsaya min a rai tun ranar da na gani.

Sati biyu da suka wuce a shafinku na girke-girke an kawo yadda ake miyar wani wake da aka kira waken bota, har da hotonsa, fari tas mai faɗi kamar farcen babban yatsa, aka ce a je babban kanti a sayo na gwangwani, a buɗe a tsiyaye ruwan a juye cikin miya, minti 20 an gama. 'Yata ce ta kawo min wayarta tace Mama ga wata miyar Turawa yaushe za mu gwada, ina ɗora ido a kan hoton nace ke wannan ai waken rumfa ne, shi muka taso muna ci a gidan kakata can wani ƙauye gefen Saminaka, tace ita bata taɓa jin sunan ba ma. Yarinya mai shekara 19, a ɗakina ta girma, bata san waken rumfa ba sai da ta gan shi da sunan Turawa. Wallahi abin ya taɓa ni.

Baiwar Allah da ta rubuta girkin ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata, amma akwai abin da ta bari wanda ni a ganina shi ya fi komai muhimmanci. Mutum nawa ne cikin masu karanta jaridar nan za su iya zuwa kanti sayen waken gwangwani a wannan marrar? Abin da zai faru shi ne wata za ta gan shi busasshe a kasuwa wajen masu awo, tace ai ga shi nan da araha, ta kawo gida ta bi abin da aka rubuta, ta ba shi ɗan lokaci a wuta ta sauke ta zuba ma yara. Na gwangwani dafaffe ne tun daga kamfani shi yasa minti 20 ya ishe shi. Busasshen kuwa wata magana ce daban, yana da dafi a jikinsa irin dafin da ke cikin rogo mai ɗaci, masana suna kiran sinadarin linamarin, wanda in aka tauna shi ɗanye ko bai dahu ba yakan rikiɗe ya zama gubar sayanayid a ciki. Farin nan manya nasa kaɗan ne, amma masu launi, ja da baƙi da masu ɗigo-ɗigo, irin waɗanda suka fi yawa a ƙauyukanmu, sun fi shi yawa nesa ba kusa ba. Kakata bata san sunan wani sinadari ba amma ko kusa bata yarda yaro ya ɓare ɗanye ya jefa a baki, kuma duk wanda ta ɗanɗana bayan an dafa ta ji ɗaci toh tukunyar nan ba za a ci ta ba ko da kuwa ita kaɗai ce a gidan.

Na ga abin da idona. Wata maƙwabciyata shekarun baya na auna mata gwangwani biyu na busasshen ta gwada, ban zauna na yi mata bayani ba don na ɗauka ta sani, ta wanke ta zuba ta rufe tukunya ruf da murfi kamar yadda ake wa wake da shinkafa, bata jiƙa ba bata zubar da ruwan fari ba, kuma gawayinta ya ƙare ta sauke da sauran tauri. Cikin dare yaranta biyu amai da ciwon kai da jiri, sai da aka kai su asibiti, Allah ya taƙaita suka warware washegari. Tun daga ranar ban ƙara ba wani waken nan ba sai na zaunar da shi na faɗa masa yadda ake yi.

Kafin in zo kan girkin bari in ɗan taɓo inda ya fito, don ɗana da ke karatun aikin gona ya yi min bayani kuma abin ya burge ni. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, mutanen tsaunukan Andis a yankin ƙasar Peru sun shafe dubban shekaru suna noma shi kafin Bature ya san akwai wata ƙasa a can, har ma a Amurka da sunan Lima babban birnin Peru ake kiransa, mutanen Ingila da na jihohin kudancin ƙasar Amurka su ne ke ce masa waken bota saboda yadda yake narkewa a baki in ya dahu. Bayan shekarar 1500 jiragen ruwan Sifaniyawa da Fotugis suka watsa shi duniya, ya shigo Afirka ta hanyar da masara da rogo da gyaɗa da barkono suka bi, yau ga shi har Madagaska ta yi suna wajen noma manyan fararen tana fitarwa waje. Toh Malam Edita wa zai ce yau ƙuli-ƙuli ko tuwon masara abincin baƙi ne? Haka shi ma waken rumfa, ya daɗe da zama ɗan gida, mu ne dai muka sake shi. Na san dalili, namu waken na gargajiya ya fi saurin dahuwa kuma yana ko'ina, Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noma shi Nijar na biye mata, duk wanda ya shiga Dawanau a Kano ya ga buhuna jibge zai gane. Amma samun wannan bai kamata yasa a watsar da wancan ba, kowanne da aikinsa a tukunya, kuma wajen kauri da santsi da cika ciki namu waken bai kamo ƙafar na rumfa ba, ni dai haka harshena ya gaya min.

Ga yadda nake yi wa gidana, mu takwas ne.

Gwangwanin madara huɗu nake auna, in tsince tsakuwa da wanda ƙwaro ya huda, in wanke sau biyu ko uku, sai in jiƙa shi bayan sallar isha'i a roba babba da ruwa mai yawa, don yana shan ruwa sosai yana kumbura ya ninka, in ruwan ya yi kaɗan da safe za ki tarar na sama a bushe. In na tashi asuba nakan canza masa ruwa, ya ƙara zama har hantsi. Wannan ruwan jiƙon a kwata ake zubar da shi, kar a ce za a yi tattali a dafa da shi. A nan ne ake zaɓa, in miyar tuwo za ki yi mai laushi sumul sai ki murje bawon, da yatsa biyu ma yana saɓulewa ba sai an kai shi turmi an surfa ba, aikin da yara ke so ne ma in an zauna a tsakar gida. In kuma irin ta sha da cokali ce wadda ake son a ga ƙwayar wake a ciki sai a bar masa rigarsa. Ni na fi barin bawon lokacin sanyi.

Sai tafasar fari, wadda ita ce duk dalilin wasiƙar nan. A zuba shi a sabon ruwa a ɗora a wuta mai ƙarfi, tukunya a BUɗE, ba murfi, ya yi ta tafasa ɓal-ɓal kamar minti 15, don dafin yana bin tururi ne ya fita, in kin rufe kin mayar da shi ciki. Kumfar da ta taso a kwashe. Sannan a tsiyaye wannan ruwan shi ma a zubar, a ɗauraye. Masu launin nan kuwa ni sau biyu nake musu haka. Masu tukunyar nan mai matse tururi da ke saurin dafa abu, dan Allah ku ma ku fara yin wannan tafasar a buɗe tukunna kafin ku kulle shi a ciki. Na san gawayi da gas sun yi tsada, na san mace tana kallon wuta tana lissafi, amma nan ba wajen tsumulmula ba ne.

Tun kafin nan na riga na ɗora ƙashi a wata tukunyar. Ba tsoka nake saya ba, ƙashin saniya mai ɓargo nake cewa mahauci ya sassara min, in da hali a haɗa da 'yar ganda, in sa albasa guda da citta da gishiri kaɗan ya yi ta dahuwa har romon ya yi fari. Can jihohin kudancin ƙasar Amurka da ƙashin alade mai hayaƙi suke yin tasu don ƙamshin ƙauri, mu kuwa Allah ya hutar da mu, ga ƙashin saniya ga busasshen kifi, tarwaɗa bandararriya guda ɗaya in aka jiƙa ta da ruwan zafi aka cire ƙaya ta isa ta ba miya wannan ƙamshin har ta fi. Cikin romon nan nake juye waken, in rage wuta, yanzu kam a iya ɗora murfi a ɗan karkace, a bar shi ya dahu a hankali. Kar a yi ta juyawa da ludayi zai farfashe tun lokaci bai yi ba. Sabon wake na bana awa ɗaya ya ishe shi ko ƙasa da haka, wanda ya kwana biyu a shago yakan kai awa ɗaya da rabi, kuma ruwan rijiya mai zartsi yana ƙara masa taurin kai. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, wannan kuwa ko kusa bai kai dutse ba.

Maganar kanwa, nasan da yawa za su ce a jefa kanwa a huta. Tana sa shi laushi da wuri gaskiya ne, amma tana kashe wani sashe na sinadarin bitamin B da ke cikin waken, tana kuma canza masa launi ya yi wani ja-ja, ga ɗanɗanon sabulu in ta yi yawa. In ya zama dole, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa ya isa. Wanda aka jiƙa kwana guda ma ba ya buƙatarta. Abin da kuma ba a so shi ne a zuba tumatir tun wake bai yi laushi ba, tsami yana ɗaure shi, za ki ƙona gawayin kwana biyu yana nan ƙiris-ƙiris.

Shi yasa kayan miyan daban nake soya su. Albasa manya biyu, a yanka ƙanana, a sa a man gyaɗa ludayi ɗaya a wuta kaɗan, a ba ta lokaci har ta yi laushi ta fara ja tana zaƙi, wannan albasar ita ce rabin daɗin miyar kuma nan ne mutane ke yin gaggawa su ɓata. Maigidana ya fi son manja, in an yi da shi miyar takan fito jawur kamar miyar waken da Nufawa ke yi da tuwon shinkafa, ni kuma na fi son man gyaɗa don ya bar ɗanɗanon waken ya fito, sai muke yi yau wannan gobe wancan. Bayan albasa sai tafarnuwa da ɗanyar citta dakakku, sai jajjagen tattasai uku da attaruhu biyu da tumatir kamar huɗu, ba markaɗe ba, jajjage a turmi, a soya har ruwan ya tsotse mai ya taso sama. Daddawa ƙulli biyu, masoro da kanumfari kaɗan, kimba in ana so amma a yi hankali da ita tana danne komai. Dunƙulen magi ɗaya ya isa in akwai daddawa da ƙashi, ba sai an jera biyar ba.

Abin da kakata ke ƙarawa wanda ban ga kowa na yi yanzu ba shi ne kabewa. Yanki ɗaya, a fere a yanka gutsi-gutsi a jefa cikin waken in ya kai rabin dahuwa, tana narkewa ta ba miyar zaƙi da launi mai kyau kamar gwaiduwar ƙwai. Turawa karas da wani ganye da ake kira seleri suke sawa, karas ɗin nima ina sawa in ana kakarsa don a nan Zariya lokacin sanyi arha gare shi, amma kabewa ta fi shiga jikin waken.

In ya dahu, wato in kin ɗauki ƙwaya ɗaya kin danna da yatsa ta baje ba wani farin gari-gari a tsakiya, sai a ɗanɗana, in an ji ɗaci a haƙura da shi. In lafiya lau sai a juye soyayyen kayan miya da kifin, a bar su su haɗu kamar minti 15. Sannan a ɗebi kashi ɗaya cikin uku na waken a dame shi da bayan ludayi ko a burge da maburgi a mayar ciki, shi ne ke kawo kaurin nan, ba fulawa ba madara ba komai. Daga ƙarshe alayyahu ko zogale hannu biyu, minti uku a sauke, a gyara gishiri. In an zuba a kwano a ɗiga man shanu soyayye rabin cokali a kai, a matsa lemun tsami kaɗan. Lemun nan ba don daɗi kawai ba ne, yana taimaka ma jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake wanda ke ƙara jini, shayi kuwa akasin haka yake yi, shi yasa nake hana yarana kora ta da shayi nan take.

Da tuwon shinkafa muke ci in miyar tuwo ce, in ta sha ce kuma da gurasa ko burodi, wani lokacin haka nan zallanta. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa leɓe na tsagewa yara sun dawo daga islamiyya suna rawar ɗari, kwano ɗaya na wannan miyar sai ki ga gumi na tsatsafowa a goshi, kuma ba mai tashi cikin dare yace yunwa. Da azumi ma na gwada ta a sahur tana riƙe ciki sosai. Wadda ta kwana ta fi daɗi, sai dai tana daskarewa ta yi kauri, a ƙara ruwan zafi wajen ɗumame, kuma lallai a tafasa ta da dare kafin a kwanta in ba firji ko ba wuta, don miyar wake bata da haƙuri, lokacin zafi kafin safiya ta yi tsami.

Masu cewa wake na kumbura musu ciki, jiƙon nan da zubar da ruwan fari yana rage abin sosai, citta ma na taimakawa, kuma wanda bai saba ba ya fara da kaɗan.

Dalilin da yasa na damu har na zauna ina danna waya da wannan dogon rubutu, Malam Edita kai ma ka san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gidaje da yawa nama ya zama sai ranar sallah ko suna, a 2024 kuwa shi kansa waken da ake cewa naman talaka sai da ya gagari talakan. Ina ganin yara a unguwa, tuwo da miyar kuka tsurarta safe da dare, gashi ya yi ja ya kakkarye. Busasshen waken rumfa kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, in aka haɗa shi da hatsi kamar shinkafa ko masara ko dawa abin da ɗaya ya rasa ɗayan na cikewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2016 sukutum don dangin wake, ta kuma sa 10 ga Fabrairu ta zama ranarsu duk shekara, mu kuwa da muke da wanda zai fito a bayan ɗaki mun manta da shi. Ba sai da gona ba fa. Sunansa ma ya faɗa, rumfa yake hawa, kakata ƙwaya biyar ko shida take binnewa a gindin danga da farkon damina, ya bi ya lulluɓe rumfar da muke zama ya ba mu inuwa, mu yi ta tsinka har bayan kaka, kuma saiwarsa tana ƙara ma ƙasa ƙarfi kamar sauran dangin wake. Yau gidaje sun zama bulo da siminti amma ko a tsohon bokiti ko buhun siminti aka cika ƙasa da taki aka ɗaura masa igiya zai hau katanga.

Sai abu ɗaya game da saye a kasuwa. A shinshina kafin a auna, in an ji warin magani a bar shi. Ba mu manta ba a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, wanda suka ƙi karɓa kuwa mu ne ke cinye irinsa. Wake mai 'yan huji biyu uku ni ya fi kwanta min a rai a kan wanda ya shekara a shago ko ƙuda baya sauka a kansa. Wanda ya noma nasa ya shanya shi ya bushe ƙayau, ya zuba a jarka mai murfi ya toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, ƙwarin da kansu suke mutuwa ba sai an zuba komai ba.

Roƙona gare ka shi ne a sati mai zuwa a shafin girkin a ƙara ɗan gyara ko layi uku ne, a faɗa ma masu karatu cewa minti 20 ɗin nan na waken gwangwani ne kawai, busasshe sai an jiƙa shi kwana, an tafasa a buɗe, an zubar da ruwan, sannan a dafa har ya yi laushi. A kuma rubuta sunansa na Hausa kusa da na Turawan don irin su 'yata su gane. Jiya na aika aka samo min tiya guda daga wajen masu kawo kaya daga Filato, na ware gwangwani ɗaya na iri na ɗaure a jarka sai ruwan fari ya sauka, sauran kuma na jiƙa huɗu, 'yata na ce ta tsaya a kan tukunyar yau da kanta ina gefe ina kallo.

Na gode, Allah ya ƙara ma jaridar nan albarka.

Taku mai karatu kullum,
wata uwa daga Tudun Wada, Zariya